Kafin a Ce Maganin Ya Yi Ƙarfi: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Magungunan Ciwon Damuwa

"Maganin nan ya yi masa ƙarfi." Da wannan magana ake ajiye magani a gidaje da yawa a Jega da Aliero da Maiyama. An sha wahala an kai mara lafiya asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, an ratsa Tambuwal da Shagari da Boɗinga, an biya kuɗin mota da na kati, likita ya rubuta magani. Mako biyu da dawowa sai a ga hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi, ko barci na kwashe shi da hantsi, ko randa ba ta kwana da ruwa saboda ƙishirwarsa. Sai wani babba a gidan ya ce a dakata haka nan. Bayan wata biyu ko uku ciwon ya dawo, wani lokaci ma fiye da yadda ya fara, a ce ai maganin asibiti bai yi ba.

Masu faɗin haka ba ƙarya suke yi ba, abin da idonsu ya gani ne. Wurin awo ne aka yi kuskure. An ɗora illar magani a hannu ɗaya, ɗaya hannun aka bar shi wayam, kamar duk wanda ya ajiye magani lafiya lau zai koma. Alhali abin da ke jiransa shi ne ciwon nan da ya raba shi da barci da gona da iyalinsa, wanda kuma kan kai wasu ga tunanin halaka kansu.

Mutumin Aliero ba ya bukatar dogon bayani a nan, garin masu ɗori ne. Kowa ya san ɗauri yana da zafi, kuma ba a kwance shi don kawai ya dami mai karaya. Amma in yatsu suka kumbura suka fara baƙi, ba haƙuri ake ba mutum ba, gaggawa ake yi. Magungunan nan haka suke. Akwai illar da ake jurewa a gaya wa likita ranar komawa, akwai wadda ba a kwana da ita a gida.

Da farko, wane ne ake ba su? Ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana biyu ba ne. Mutum ne zai yi mako biyu ko fiye ransa a jagule kullum, abin da yake so a da ya fita masa a rai, barci da cin abinci su lalace, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 280 a 2019. Yawancinsu maganin damuwa na yau da kullum ake ba su, irin su amitiriftilin da fuluwoksetin. Amma akwai wasu, kusan miliyan 40 a ƙiyasin wannan shekarar, da ciwonsu fuska biyu gare shi, wanda likitoci ke kira baifola. Bayan watannin durƙushewa sai wani lokaci ya zo da mutum zai yi sama: ya kwana uku bai rintsa ba kuma bai gaji ba, surutu ba tsayawa, ya kwashe albasar da aka adana ya sayar tun farashi bai tashi ba, ya raba kuɗin, ya ce zai sayi tirela, wanda ya tanka masa ya sha faɗa. A garuruwanmu wannan fuskar ce aka fi dangantawa da iskoki, don haka sau da yawa ba a ma ambata wa likita ita. Wannan ɓoyon yana da tsada. In aka ba mai baifola maganin damuwa shi kaɗai, yana iya cilla shi can sama. Shi ya sa ake ba shi maganin da ke daidaita hawa da saukar nan. Akan kuma ƙara irin wannan magani ga mai damuwa zalla, idan an gwada masa magani biyu yadda ya kamata ba su ɗaga shi ba.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne litiyam. Wani nau'in gishiri ne, kuma wani likita ɗan Ostareliya, John Cade, ya bayyana amfaninsa a 1949. Har yau da wuya a sami wanda ya fi shi hana ciwon dawowa, kuma shi ne ya fi kowanne hujjar cewa yana rage kisan kai. Ban san abin da ya fi wannan nauyi a ma'auni ba.

Matsalarsa ita ce tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke zama guba, tazarar kaɗan ce. Ana auna shi a jini, awa 12 bayan shan ƙarshe. Abin da ake nema yawanci tsakanin 0.6 ne da 1.0, kuma daga 1.5 zuwa sama an shiga haɗari. Ƙoda ce ke fitar da shi, tana kuma tafiyar da shi tare da gishiri da ruwan jiki. Duk abin da ya ƙafar da ruwan jiki, to litiyam zai taru.

Yanzu ku duba inda muke zaune. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kebbi, kuma a wannan tsakanin ne manomi ke yini a fadama yana cire albasa, ɗan dako na sauke buhuna a kasuwar Jega, gumi na zuba kamar an kwara masa ruwa. A 2023 da 2024 azumi ma cikin Maris da Afrilu ya faɗo. Da damina kuma ga amai da gudawa, ga zazzaɓin cizon sauro. Kowanne daga cikinsu na iya mayar da ƙwayar da mutum ya shekara yana sha lafiya ta zama guba cikin 'yan kwanaki. Mai shan litiyam dole ya yawaita shan ruwa, kuma kada ya sauya yadda yake cin gishiri farat ɗaya. In an ce ya rage gishiri saboda hawan jini, sai likitan ƙwaƙwalwarsa ya sani, domin rage gishiri na ɗaga litiyam. Kanwa ita kuma akasin haka take yi, yawanta na sa a fitar da maganin da sauri ya rasa ƙarfi. Batun azumi kuwa a tattauna shi da likita tun cikin Sha'aban. Wani za a mayar masa da shan maganin dare ya yi azuminsa, wani za a ce ya sha ya rama. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, malamai kuma suna nan a tambaye su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kemis. Mutum ya dawo daga gona jiki na ciwo, ya aika yaro a haɗo masa maganin gajiya, a ƙullo ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba suna. Da wuya a rasa ibufurofen ko dikulofenak ko Feldene a ciki, kuma dukkansu suna hana ƙoda fitar da litiyam. Haka wasu magungunan hawan jini, irin su Moduretic da lisinofiril. Farasitamol ba ya yin haka. Mai shan litiyam ya riƙe wannan magana ɗaya a bakinsa duk inda za a ba shi magani: "Ina shan litiyam."

To wace illa ake jurewa? 'Yar rawar hannu mara ƙarfi, ƙishirwa, yawan fitsari, ɗan tashin zuciya a makonnin farko, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙarin ƙiba. Waɗannan sukan ragu, ko a rage su ta hanyar gyara adadin. Amma in rawar ta zama karkarwa har kofi na zubewa, ga amai ko gudawa, mutum na tangaɗi kamar ya sha wani abu, harshe ya yi nauyi, barci na rinjayarsa ko ya rikice, to kada a ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya. A kai shi babban asibiti mafi kusa a ranar, da kwalin maganin a hannu, a faɗi sunansa tun daga bakin ƙofa.

Akwai kuma illar da ke tafiya a ɓoye shekara da shekaru. Litiyam na iya rage aikin ƙoda, yana iya kuma kasalar da halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, musamman ga mata. Wannan ta biyun tana da yaudara: kasala, jin sanyi, ƙiba, mutuwar jiki, sai a ɗauka damuwar ce ta dawo. Gwajin jini ke rarrabewa, kuma ƙwaya ɗaya a rana ke gyara ta ba tare da an bar litiyam ba. Don haka ake awon litiyam duk mako a farko har ya daidaita, sannan duk wata uku, awon ƙoda da na halittar wuyan kuma duk wata shida. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa kada a fara litiyam inda ba za a iya wannan awo ba. Saboda haka mutumin Maiyama yana da haƙƙin ya tambaya tun kafin ya karɓi takarda: "Likita, ina za a riƙa yi mini awon nan, a Birnin Kebbi ko sai na zo Sakkwato, kuma nawa ne?" In amsar ta fi ƙarfin aljihunsa ya faɗi gaskiya. Ba abin kunya ba ne, kuma akwai wasu magungunan. Wanda kuwa zai iya, ina ganin bai kamata tsoro ya raba shi da litiyam ba.

Inda awon jini ke da wuya, hannun likita kan tafi ga balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim, maganin da masu farfaɗiya suka sani. Yana kwantar da fuskar hawa sosai, ko da yake a fuskar damuwa ƙarfinsa bai kai haka ba. Yana sa ƙiba da barci da rawar hannu, gashi kan zube ya sake fitowa. Jefi-jefi yana taɓa hanta, don haka wanda ya san yana da ciwon hanta ya faɗa tun farko. Idanu suka yi ɗorawa irin na shawara, ko ciki ya murɗa da amai ba tsayawa, ko jini na fita ba dalili, asibiti ake nufa.

Ga namiji ko tsohuwa, wannan awo ne da za a iya yi a natse. Ga macen da ke cikin shekarun haihuwa lissafin daban ne, kuma ina roƙon magidanta su karanta wannan wurin sau biyu. Cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha balfurowet da juna biyu, kusan 10 ana haifarsu da naƙasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya ko tsagaggen leɓe ko matsalar zuciya, alhali a sauran jama'a 2 ne zuwa 3. Kuma 30 zuwa 40 cikin 100 kan sami jinkirin tafiya ko magana ko fahimta. Mafi yawan naƙasar tana faruwa a makonnin farko, tun mace ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. A 2018 Ingila ta hana a ba mace mai iya ɗaukar ciki wannan magani sai da tsarin hana ɗaukar ciki mai ƙarfi, a farkon 2024 kuma ta ƙara tsaurarawa, sai ƙwararrun likitoci biyu sun amince kafin a fara ba duk wanda bai kai shekara 55 ba. Mu kuwa a nan yarinya kan yi aure da wuri, ciki na bin ciki, ga al'adar ɓoye ƙaramin ciki ko ga uwar miji. Budurwar da aka ɗora a kan Epilim bana, baɗi amarya ce. Uwa ko miji su buɗe baki su ce: "Likita, tana da aure, ba ta kan tazarar haihuwa. Babu wani maganin?" Wadda kuma ta riga ta sami ciki tana shan sa, kada ta yanke shi da kanta, musamman in tana da farfaɗiya. Ta ga likita a cikin kwanakin nan, ba sai ranar awo ba.

Litiyam ma yana ɗan ƙara haɗarin matsalar zuciyar jariri a watanni ukun farko, sai dai bai kama ƙafar balfurowet ba. A ɗaya hannun kuma, kwanakin jego su ne lokacin da mai baifola ta fi fuskantar dawowar ciwo mai tsanani. Shi ya sa shawarar ciki ake yin ta tun kafin cikin, da miji a zaune.

Kabamazafin, wato Tegretol, yana da sauƙin samu. Jiri da ganin abu biyu-biyu su ne kukan masu shansa a farko. Babban halinsa shi ne yana sa hanta ta ƙone wasu magunguna da sauri. Ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse suna iya daina aiki, mace ta sami cikin da ba ta shirya ba, shi kansa kuma ba ya rasa haɗari ga ɗan tayi. Allurar wata uku da robar mahaifa ba ya taɓa su. Yana kuma raunana Coartem, maganin zazzaɓin da kusan kowane gida ke sha, da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da gyambon baki a wurin mai shansa na iya nufin ƙwayoyin jinin da ke kare jiki sun ragu, sai an auna.

Lamotirijin ya fi sauran dacewa da wanda fuskar damuwa ce ta fi addabarsa. Ba ya sa ƙiba, ba ya cika sa barci, kuma yana cikin waɗanda suka fi sauƙi ga mai juna biyu. Sharaɗinsa haƙuri. Ana farawa da miligiram 25 na mako biyu, sannan 50 na mako biyu, a hau a hankali, in kuma ana shan Epilim tare da shi sai a fara da rabin haka. Dalili shi ne ƙuraje. Kusan mutum 1 cikin 10 kan yi ƙuraje marasa haɗari, amma kusan 1 cikin 1,000 kan yi mugun nau'in da fata ke saɓulewa kamar ƙuna, baki da idanu su yi gyambo, yana kuma kisa. Tegretol ma na iya jawo shi. Da bazara kowa na fama da ƙurajen zafi, don haka abu ne mai sauƙi a shafa hoda a ce zai wuce. Duk ƙurjin da ya fito a watanni biyun farko, a dakatar da maganin a nuna wa likita a ranar. Wanda kuma maganinsa ya yanke fiye da kwana biyar, kada ya koma kan adadin da ya bari, daga ƙasa ake sake farawa.

Sai kwetiyafin da olanzafin, waɗanda asalinsu na wasu ciwukan ƙwaƙwalwa ne amma ana amfani da su sosai a nan. Kwetiyafin na ɗaga damuwar baifola, olanzafin kuma akan haɗa shi da fuluwoksetin. Ba sa bukatar awon adadinsu a jini, wannan sauƙi ne babba ga na nesa. Farashinsu barci ne da yunwa. Direban da ke jigila tsakanin Jega da Koko, ko ɗan kabu-kabu, ko ɗalibin jami'ar Aliero mai lacca da sassafe, dole ya faɗi sana'arsa, a mayar da shan maganin dare, kuma kada ya kama sitiyari sai ya ga yadda jikinsa ya karɓa. Ƙibar kuwa tana da nata tarko, domin mu mutane ne da in mara lafiya ya yi ƙiba sai mu ce alhamdulillahi ya murmure. Wata ƙibar tana tafe da ciwon suga da hawan jini. A hau sikeli kafin a fara, a rubuta, a riƙa hawa duk wata, a kuma auna suga lokaci-lokaci.

Akwai illolin da ba a faɗa saboda kunya: raguwar sha'awa, raunin mazakuta, rikicewar al'ada, ko mutum ya ji kamar an dusashe masa kaifin tunani. Su ne suka fi sa mutane ajiye magani a ɓoye. Likita ya saba jin su, kuma sau da yawa rage adadi ko sauya magani ke warware su. Wani kuma kewar lokacin hawan yake yi, lokacin da yake jin duniya a tafin hannunsa, sai ya ɗauki zaman lafiyar da ya samu a matsayin mutuwar jiki. Iyalinsa su tuna masa, cikin taushi, abin da hawan baya ya ci.

Ban da alamun haɗarin da na ambata, kada a yanke waɗannan magunguna rana ɗaya. Litiyam musamman, in aka sake shi farat ɗaya, ciwon kan dawo da sauri, haɗarin kisan kai ya ƙaru. In za a bari, likita ke saukar da shi a hankali cikin makonni ko watanni. Wannan ya shafi kuɗi ma: a sayi na gaba tun saura na mako guda, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da gida zai iya saye duk wata, domin maganin da za a sha wata ɗaya a rasa na biyu bai fi mai araha da za a ɗore da shi ba. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da ƙwaya, a haɗa su. Jiƙe-jiƙen da ke sa zawo ko yawan fitsari su ne abin gudu ga mai litiyam. In kuma mara lafiya ya fara zancen gajiya da rayuwa, ko yana cewa gara ba shi, kada a ce masa ya bar saɓo a wuce. Wani babba ya karɓi maganin ya riƙa ba shi na kowace rana, a kawar da maganin ƙwari na gona daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ba tare da jiran ranar komawa ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200, don haka mintocin da za ku samu a gabansu kaɗan ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a yi masa bayanin maganinsa a kuma ji ta bakinsa. Ku tafi da shiri. A sami ƙaramin littafi, ko da ajami ne, a riƙa rubuta awa nawa ya yi barci, ranar da wata illa ta fara, nauyinsa, da ranar da aka tsallake magani. A zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a ɗora a teburin likita. Kuma wanda zai raka shi ya zama wanda suke kwana gida ɗaya, wanda ya ga hawan ya ga saukar, ba wanda ya fi kowa iya Turanci ba.